Yadda Muka Raɗa wa Kwalejinmu Sabon Suna

Ni aka ɗora wa rubuta bayanin taro, saboda haka duk abin da aka yi a gabana aka yi shi. Mataimakin magatakarda nake a wata kwalejin kimiyyar lafiya mai zaman kanta a nan cikin garin Sakkwato. Ba zan faɗi sunanta ba, tsohon ko sabon, don masu ita ba su aike ni ba.

Kwalejoji biyu aka haɗa. Tamu tana wajen Mabera, wani attajiri ya gina ta ya sa mata sunan mahaifinsa marigayi. Mu gini gare mu: ajujuwa wadatattu, ɗakin kwanan ɗalibai mata, rijiyar burtsatse, da fili a baya. Ɗayar tana wajen Arkilla cikin gidan haya, wata Hajiya ce ta kafa ta bayan ta yi ritaya daga aikin jinya. Su kuma malamai gare su, da ɗakin gwaje-gwaje cike da kaya, ga shaida mai kyau a bakin asibitocin da ɗalibansu ke zuwa koyon aiki. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, take kuma kula da irin waɗannan makarantu, in ta zo tantance kwas ba abu ɗaya take dubawa ba. Tana duba malamai, tana duba kayan aiki, tana duba laburare da gini. Abin da muka rasa yana wajensu, abin da suka rasa yana wajenmu. Nan maganar haɗewa ta samo asali.

Lauyoyi sun gama rabon hannun jari cikin 'yan makonni. Suna ne ya cinye mana watanni.

Mu bakwai ne a kwamitin: uku daga kowane ɓangare, sai wani dattijon malamin addini da masu makarantun biyu suka yarda da shi ya shugabance mu. Ni ina cikin ukun Mabera, kuma in faɗi gaskiya, ranar zaman farko na shiga da ra'ayina a kulle. Gini namu ne, allon da ke bakin ƙofa namu ne, mene ne abin tattaunawa? Alhaji ma da kansa ya zo ranar. Ya ce sunan mahaifinsa ne, kuma ya gina makarantar ne don ladan ya riƙa isa kabarinsa, ba zai iya kallon a sauke allon ba. Da ya zo nan muryarsa ta yi rawa. Ɗakin ya yi tsit.

Hajiya ta bari ya gama, ta gyara mayafinta, ta ce, “Alhaji, Allah shi jiƙan Baba, shi kai haske kabarinai. Amma ni ma ɗiya gare ni. Suna can Tangaza da Illela da Gada suna aiki da takarda mai sunan makarantata. In aka shafe wanga suna, mi zan ce musu?”

A lokacin na ɗauka salon ciniki ne kawai. Sai daga baya na gane ita kaɗai ce a ɗakin ta hango inda matsalar take.

Shawarar farko da aka kawo ita ce a jera sunayen biyu. Na rubuta shi a allo, ya cinye layi biyu. Da muka ciro haruffan farko don a samu gajeren suna, abin da ya fito babu mai iya furta shi. Ga kuma sabuwar gardama: na wa za a fara sawa? Aka yi ta kai ruwa rana har aka kira la'asar, muka tashi ba a tsayar da komai ba.

Akawunmu ne ya kawo abin da ya sauya tafiyar. Ya ce kafin zama na gaba kowa ya tare ɗan kabu-kabu ya faɗa masa cikakken sunan wata makaranta a garin nan, ya ga abin da zai faru. Na gwada a shataletalen Dandima. Na ce a kai ni Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Yaron ya dube ni ya ce, “Foli kake nufi, Malam? Farfaru?” Shekaru ke nan da aka sa wa makarantar sunan Marafan Sakkwato, bayan rasuwarsa a 2016, amma a bakin titi Foli ce. Jami'ar da ke bayan Kwalkwalawa kuwa Danfodiyo ce kawai, babu mai ƙara komai. Ta horar da malamai mai sunan Shehu Shagari, Kwaleji ake ce mata. Muka dawo da abu ɗaya a hannu: kowace makaranta suna biyu gare ta, na takarda da na baki. Na takarda mu za mu zaɓa. Na baki kuwa gari ne ke zaɓa, iyakarmu mu ba shi abin da zai yi masa sauƙin ɗauka.

Daga nan shugaban kwamiti ya ce a ajiye akwati a ƙofar makarantun biyu, ɗalibai da malamai da iyaye kowa ya rubuta sunan da yake so. Wasu daga cikinmu sun ga ɓata lokaci ne. Sai ya tuna mana abin da ya faru a Legas. Ranar 29 ga Mayun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da cewa an mayar da Jami'ar Legas ta zama Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, tsofaffin ɗalibai suka nufi kotu, har yau kuma sunanta Jami'ar Legas. Malam ya ce yawancin masu boren ba darajar Abiola suke musu ba, abin da ya ɓata musu rai shi ne an wayi gari an sauya musu suna ba wanda ya tambaye su. Ya kwatanta da namu na gida: jami'ar da aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka mayar da ita ta Usmanu Danfodiyo a 1988, sunan ya zauna daram, domin mutanen gari tun asali da Shehu suke kwana suke tashi. “Suna linzami ne,” in ji shi, “amma sai dokin ya yarda a sa masa.”

Da muka buɗe akwatunan na kwashe yini biyu ina jera takardu a kan tebur. Sunayen da suka fi yawa ba su ba ni mamaki ba: Nana Asma'u, Muhammadu Bello, Rima, Giginya, Hubbare, da masu ɗauke da kalmar Halifanci iri-iri. Wata ɗaliba ta cika shafi guda tana bayanin me ya sa ya kamata a sa Nana Asma'u, tana cewa yawancinmu mata ne, kuma ita ce ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar ƙungiyarta ta 'Yan Taru, aikin da ma'aikaciyar lafiyar al'umma ke yi ke nan a yau. Takardar ta taɓa ni, na karanta ta a gaban kwamiti. Wani kuma ya ce Muhammadu Bello ya fi dacewa, tunda Sarkin Musulmin ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Malam ne ya taka mana burki, kuma har yanzu ina ganin ya yi daidai. Ya ce waɗannan sunaye ba kaya ba ne da kowa zai ɗauka ya liƙa a ƙofarsa don ya jawo ɗalibai. Duk wanda ya ɗauki sunan gidan Shehu ya ɗauki amana. Ranar da aka kama ɗalibi da satar jarrabawa, ko malami da karɓar kuɗi, wane suna za a ji a rediyo? Ya ce in har mun nace, sai mun je mun nemi yardar masu sunan, sannan mu tambayi kanmu ko mun kai. Babu wanda ya ce mun kai. Ga shi kuma sunayen sun riga sun yi yawa a kan makarantu da asibitoci da tituna, mu muna neman abin da zai bambanta mu ne.

Akwai wani malaminmu daga ɓangaren Arkilla da ya yi digirinsa na biyu a Afirka ta Kudu. Shi ya ba mu labarin yadda ƙasar ta haɗe manyan makarantunta a 2004 da 2005, aka rage su daga 36 zuwa 23. Ya ce a Johannesburg an haɗa jami'ar Rand Afrikaans da kwalejin fasaha ta Witwatersrand da wasu rassan jami'ar Vista, kowacce da tarihinta da mutanenta, wata ma da tabon zamanin wariyar launin fata a jikinta. Ba a ɗauki sunan ko ɗaya ba, aka kira ta Jami'ar Johannesburg. A Durban ma, da aka haɗa Jami'ar Natal da ta Durban-Westville a 2004, sunan lardin aka ɗauka, KwaZulu-Natal. Abin da ya ciro mana daga ciki shi ne: in aka riƙe sunan ɗaya, mutanen ɗayar za su ji an haɗiye su ne, kuma ma'aikacin da ke jin an haɗiye shi ba ya aiki da zuciya ɗaya.

Wannan magana ce ta sa na sauka daga ra'ayina. Na tuna yadda malaman Arkilla ke shigowa harabarmu suna tsayawa a bakin ofis kamar baƙi, suna neman izinin zama a kujera.

Sauran aikin shi ne shawo kan Alhaji, kuma ba a ɗakin taro aka yi shi ba. Malam da Hajiya suka same shi gida bayan isha'i. Ban je ba, abin da na sani shi ne washegari aka ce in rubuta cewa sabon ginin laburare da masallacin makaranta za su ɗauki sunan mahaifinsa, babban ɗakin gwaje-gwaje kuma zai ɗauki sunan tsohuwar makarantar Hajiya. Kwalejin kanta za ta ɗauki sunan wuri, kalma ɗaya mai gaɓa biyu da Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da baƙo duk za su iya faɗa.

Muka tsayar da sunaye uku muka miƙa wa lauya ya bincika a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Na farko ya tarar wani ya riga mu. Na biyu yana ɗauke da kalmar da ke sa a ɗauka makarantar gwamnati ce, kuma doka ta ce irin waɗannan kalmomi, masu nuna tarayya ko ƙasa ko jiha ko gwamnati, ba a sa su sai da izini na musamman. Na uku ya wuce, aka ajiye mana shi na kwana 60 mu kammala takardu. A daren nan yaronmu mai kula da kwamfuta ya duba ko adireshin intanet mai wannan suna yana nan ba a ɗauka ba, da shafin Facebook, duk ya same su. Da a ce mun san haka tun farko, da binciken muka fara kafin gardamar.

Sai tambari. Nan ma na koyi abin da ban sani ba.

Wani matashi ne mai shago a titin Sarki Yahaya ya yi mana zanen. Na je wajensa da rana tsaka, janareta na ruri a ƙofa, ƙamshin tawada ya cika shagon, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini na farko: jan kuros a tsakiyar farin da'ira. Na ce masa wannan ko ƙofar ɗakin taro ba zai shiga ba. Ya danna, ya mayar da shi jan jinjirin wata. Na ji daɗi na kai wa kwamiti, sai Hajiya ta girgiza kai. Ta ce su biyun duk alamu ne da Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta keɓe wa masu agaji da ma'aikatan lafiya a fagen yaƙi, ba a ɗaukarsu a yi tambarin kasuwanci. Ta san haka tun tana aiki. Muka koma. Ya kawo maciji nannaɗe da sanda, irin wanda ke jikin tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Malaman lafiya suka ce wannan ai alamar aikin ce tun zamanin Girkawa. Akawu ya ce su sun san haka, amma uban da ya taso daga Gudu ya kawo 'yarsa, ya ɗaga kai ya ga maciji a saman ƙofa, wa zai tsaya yi masa bayanin Girkawa?

Ni na kawo shawarar giginya, ina ganin itace ce ta gida, doguwa, ana hango ta daga nesa. Malam ya yi murmushi ya ce, “Malam magatakarda, ka manta abin da Hausawa ke cewa? Inuwar giginya, na nesa ka sha.” Makarantar da ke son ta amfani unguwar da take ciki ba za ta ɗauki wannan kirari ba. Na janye.

Yaron mai zane ne ya warware mana. Ya tambaye ni launin kowace makaranta. Na ce mu kore, su shuɗi, kuma kowa ya kafe a kan nasa har ga yunifom. Ya yi shiru yana wasa da linzamin kwamfuta, can ya ja layi biyu masu lanƙwasa, ɗaya kore ɗaya shuɗi, suka gangaro suka haɗu a ƙarƙashin buɗaɗɗen littafi. Ya ce, “Gulbin Rima da gulbin Sakkwato ke nan, Yallaɓai. Ai nan kusa da gari suka haɗu.” Da na kai wa kwamiti ba a yi minti goma ba aka amince. Sharaɗi ɗaya na ƙara daga ofishina: a buga shi baƙi da fari a ga ko zai fito, a kuma rage shi daidai girman hatimi, domin yawancin rayuwar tambari a kan fotokwafi take ƙarewa.

Muka shiga sauye-sauye: allon ƙofa, jikin bas, katin shaida, aljihun farar riga, rasiɗin kuɗin makaranta, asusun banki. Muka rubuta wa NBTE, da JAMB don sunan ya fito daidai lokacin da yara ke cike fom, da hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, da sauran hukumomin da ke ba ɗalibanmu lasisi. Na ɗauka mun gama.

Wata safiyar Litinin cikin hunturu na iso ofis na tarar da wata mata zaune a kan benci, da goyo, ƙafafunta fari fat da ƙura. Tun asuba ta taso daga wani ƙauye a gabashin jihar. Ta gaishe ni ta miƙo wata leda, ciki akwai takardar shaidarta ta kwas ɗin lafiyar al'umma na shekara uku, an liƙe ta da roba, mai ɗauke da tsohon sunan makarantar Arkilla. Ta samu aiki a wani asibitin sha-ka-tafi. Masu ɗaukar aikin suka aika wasiƙar tantancewa zuwa adireshin da ke kan takardar, aka tarar da gidan haya a rufe, babu allo. Suka duba intanet, sunan ba ya nan, don mun rufe tsohon shafin. Aka ce mata ta kawo hujja cikin mako guda ko a ba wani gurbin.

Ta ce, “Malam, wallahi na yi karatun nan. Hajiya ta san ni. Ku duba littahinku.”

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rantsuwar. Mace ta yi shekara uku tana karatu, ta biya kuɗinta, ta ci jarrabawarta, yau ta zo tana rantsuwa cewa ba ƙarya take ba, saboda wani abu da mu muka yi a ɗakin taro. Laifin namu ne, kuma kaso mafi girma nawa ne, domin ofishin rajista ne ya kamata ya hango wannan tun ranar da Hajiya ta yi maganar ɗiyanta.

Rajistar Arkilla tana cikin kwalaye a sito, ba a ma kwance su ba tun ƙaura. Ni da masinja muka shiga muka yi ta ɗaga kwali har muka samo littafin shekararsu. Ga sunanta, ga lambarta, ga sakamakonta da rubutun hannun Hajiya. Na rubuta wasiƙa a sabuwar takardar ofis cewa makarantar da ta ba da wannan shaida ita ce yanzu take ɗauke da suna kaza, na haɗa da kwafin takardar amincewa da sauya suna, shugaban kwaleji ya sa hannu, na buga sabon hatimi da tsohon a gefe ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba, ta ce motar garinsu ba ta kaiwa azahar.

A zaman da ya biyo baya na nemi a ba ni dama, na ba da labarinta. Abin da muka tsayar ranar, a ganina, ya fi sunan da tambarin muhimmanci. Kowace takardar ofis za ta ɗauki ƙaramin layi a ƙarƙashin sabon suna mai faɗin tsofaffin sunayen biyu. Aka sake buɗe tsofaffin shafukan intanet, duk wanda ya shiga su kai shi sabon. Aka kafa ƙaramin allo a tsohon gidan Arkilla, da yardar mai gidan, mai nuna inda muka koma da lambar ofis. Muka aika wasiƙa ga asibitoci da ma'aikatu da ƙananan hukumomi 23 na jihar, muka kuma ba da sanarwa a rediyo da Hausa da Fulfulde. Ɗaliban da suka shigo da tsohon suna ba su gama ba, aka yanke cewa takardarsu za ta fito da sabon suna tare da wannan ƙaramin layi. An so a lalata tsofaffin hatimai don kada su faɗa hannun masu buga takardun bogi, kuma tsoron yana da tushe. Na roƙa a bar su a akwatin ƙarfe, mabuɗi ɗaya a wajena ɗaya a wajen shugaban kwaleji, kuma duk ranar da aka fito da su a rubuta dalili a littafi.

Tun daga lokacin, duk sanarwar sauya sunan makaranta da na ji, kamar ta Jami'ar Maiduguri da aka ce ta koma ta Muhammadu Buhari a 2025, hankalina ba ya zuwa kan allon ƙofa. Ofishin rajistarsu nake tunawa, da tulin mutanen da ke riƙe da takarda mai tsohon suna.

Ranar buɗe sabon allo Malam ya ce a yi shi yadda ake suna. Aka yi da hantsi. Aka raba goro da dabino, Alhaji ya kawo rago, Hajiya ta sa aka dama fura. Malam ya yi addu'a, sannan ya faɗi sunan sau uku da ƙarfi, ɗalibai suka amsa. Alhaji da Hajiya suka kama gefe-gefen ƙyallen suka ja tare. Na ga Alhaji ya daɗe yana kallon bangon laburare, inda aka rubuta sunan mahaifinsa da manyan baƙaƙe.

Da yamma babur ɗina ya ƙi tashi, na bar shi a makaranta. Washegari na tare ɗan kabu-kabu a Gawon Nama, na faɗa masa sabon sunan. Ya ɗan yi jim, ya ce, “Wadda aka haɗe? Ta Mabera?” Na ce ita. Ya ce in hau.

Matar nan ta kira ofis bayan sati biyu ta ce ta kama aiki. Ta kuma ce akwai 'yan ajinsu huɗu da ke son irin wasiƙar, na ce su zo ranar Laraba da takardunsu.